Times New Roman: Tarihin Haruffan da Suka Mamaye Takardun Duniya

Duk wanda ya rubuta kundin digiri a jami'o'in Nijeriya ya haddace umarnin nan tun kafin ya fahimci dalilinsa: Times New Roman, girma 12, tazara biyu tsakanin layi da layi. Haka mai neman aiki yake buga takardarsa, haka sakataren ma'aikata yake fitar da sanarwa, haka lauya yake shirya takardar rantsuwa. Mun saba da waɗannan haruffa har ido ya daina ganinsu, kamar yadda mazaunin gida yake daina lura da launin bangon ɗakinsa. Mutane da dama suna ɗauka cewa haka boko yake tun fil azal, kuma duk wani zubin haruffa da ya saɓa wa wannan ado ne kawai.

Amma wannan zubi yana da ranar haihuwa, 3 ga Oktoba 1932. Yana da waɗanda suka tsara shi, yana kuma da aiki guda ɗaya tak da aka yi shi dominsa, wato cika matsattsun ziri-zirin rubutu na wata jarida a birnin Landan. Yadda kayan aikin jarida ɗaya ya zama rigar da kowace takardar hukuma take sawa labari ne na gwaninta da ciniki da kuma sa'a. Akwai darasi a cikinsa ga masu rubuta Hausa musamman, domin abin da na'ura ta zo da shi tun daga masana'anta yakan yanke wa harshe hukuncin yadda za a rubuta shi, ko masu harshen sun yarda ko ba su yarda ba.

Daga dutse zuwa darma

Abin da ya fara bambanta wannan zubi da irin su Arial ko Calibri shi ne 'yan ƙananan ƙafafun da suke ƙarshen kowace sanda ta harafi. A dubi babban T ko ƙaramin n, za a ga kowace ƙafa ta tsaya a kan ɗan gajeren layi, kamar dai an sa mata takalmi. Turawa suna kiran wannan ɗan layi serif, kuma da shi ake raba haruffan boko gida biyu, masu ƙafa da marasa ƙafa.

Asalin ƙafar yana komawa ga rubutun da Rumawa suke sassaƙawa a jikin dutse. Wanda ya fi shahara shi ne na gindin hasumiyar Sarki Trajan da ke birnin Rum, wadda aka kammala a shekarar 113 miladiyya. Wani malamin coci ɗan Amurka mai suna Edward Catich ya fitar da littafi a 1968 inda ya kafa hujjar cewa da faffaɗan burushi ake fara zana haruffan a kan dutsen, sannan masassaƙi ya bi sawun fentin da kurfi, don haka ƙafar sawu ce ta inda burushi ya sauka da inda ya tashi. Wanda ya taɓa riƙe alƙalamin gamba mai faɗin baki zai gane maganar nan take, domin bakin alƙalami shi yake haifar da kauri a wani gefen harafi da siranta a wani gefen.

Ƙananan haruffa kuwa daga hannun marubutan Turai suka fito, kuma masanan Italiya na ƙarni na 15 ne suka daidaita su da manyan haruffan Rumawa. Da ɗab'i ya iso birnin Benis, Nicolas Jenson ya zuba irin wannan rubutu da ƙarfe a 1470. Bayansa maɗabi'i Aldus Manutius da maƙerinsa Francesco Griffo suka ƙara gyara shi kafin ƙarshen ƙarnin, suka kuma fito da haruffa masu jirkicewa a 1501. Daga nan sana'ar ta koma Faransa, inda Claude Garamond da Robert Granjon suka kai ta ƙololuwa a ƙarni na 16. Da yawa daga cikin ƙarafan Granjon sun tsira a gidan ɗab'in Christophe Plantin da ke Antwerp ta ƙasar Beljiyam, wanda yanzu ya zama gidan tarihi. A 1913 kamfanin Monotype na Ingila ya ɗauki samfurin wani zubin Granjon ya yi sabo da shi don injinan zamani, ya raɗa masa suna Plantin. Wannan Plantin ɗin shi ne kakan Times New Roman na kusa.

Jarida da mai sukarta

Jaridar The Times ta fara fitowa a 1785 da wani suna dabam, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1788. Ita ce jaridar masu mulki da alƙalai da manyan attajiran Ingila, kuma tana alfahari da cewa ita ta fara buga jarida da inji mai aiki da tururi a 1814. Sai dai zuwa shekarun 1920 shafukanta sun tsufa a ido. Tana amfani da wani zubi irin na ƙarni na 19, mai sanduna masu kauri da haɗe-haɗe sirara kamar gashi. Irin wannan zubi yana da kyau idan an buga shi a tsanake a kan takarda mai santsi, amma a injin jarida mai gudu siraran layukan sukan karye ko su dushe, shafi ya fito fari-fari, mai karatu ya riƙa ƙanƙance ido.

Mutumin da ya faɗa wa jaridar wannan magana a fili shi ne Stanley Morison. An haife shi a 1889, ya bar makaranta yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya koya wa kansa tarihin rubutu da ɗab'i ta hanyar karatu a ɗakunan ajiye littattafai. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙi shiga soja saboda aƙidarsa, aka ɗaure shi. Zuwa shekarun 1920 ya zama mai ba kamfanin Monotype da maɗaba'ar Jami'ar Cambridge shawara kan haruffa, kuma a ƙarƙashin jagorancinsa kamfanin ya farfaɗo da tsofaffin zubi irin su Bembo da Baskerville. A 1929, lokacin da The Times take shirya wani bugu na musamman kan sana'ar ɗab'i, Morison ya soki yadda ita kanta ake buga ta. Maimakon manajan jaridar, William Lints-Smith, ya yi fushi, sai ya ɗauke shi aiki a matsayin mai ba da shawara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: wanda ya ce abu bai yi ba, sai a miƙa masa ya gyara.

A 1930 Morison ya rubuta wa shugabannin jaridar doguwar takarda yana bayyana abin da ya kamata a canza. Aka yi gwaje-gwaje da zubi iri-iri, ciki har da Baskerville da Perpetua da Plantin, daga ƙarshe aka tsaya a kan yin sabo wanda zai ɗauki ƙirar Plantin a ƙara masa kaifi. Morison masani ne, amma hannunsa bai kai na ƙwararren mai zane ba. Wanda ya zauna ya zana haruffan shi ne Victor Lardent, ma'aikaci a sashen tallace-tallace na jaridar. Daga hannunsa zanen ya tafi masana'antar Monotype da ke Salfords, inda ma'aikatan ofishin zane, waɗanda da yawansu mata ne da tarihi bai cika ambatonsu ba, suka mayar da shi ma'aunai dalla-dalla, aka sassaƙa dubban ƙarafa, ana gwadawa ana sakewa.

Ranar Litinin 3 ga Oktoba 1932 jaridar ta fito da sabuwar fuska tun daga shafin farko har na ƙarshe. Hatta sunanta da ke saman shafin farko, wanda aka daɗe ana rubutawa da tsohon rubutun Turai mai sarƙaƙiya, an mayar da shi haruffan Rumawa. Daga nan sunan zubin ya samo asali: sabon rubutun Rumawa na jaridar Times, domin wanda ya gada shi ne tsohon.

Har yau akwai jayayya kan rabon yabo. Lardent ya rayu yana jin ba a ba shi haƙƙinsa ba. A 1994 wani masanin haruffa mai suna Mike Parker ya yi da'awar cewa ainihin zanen na wani Ba'amurke ne mai ƙera jiragen ruwa, Starling Burgess, tun farkon ƙarnin. Galibin masana tarihin ɗab'i ba su gamsu da hujjojinsa ba. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne cewa aikin na taron mutane ne, kuma bukatar injin jarida ita ce ta yi musu jagora.

Siffarsa da dalilanta

Kusan kowace siffa ta wannan zubi amsa ce ga wata matsala ta jarida. Matsala ta farko fili. A lokacin, kuma har zuwa 1966, shafin farko na The Times cike yake da ƙananan tallace-tallace, kowane layi kuɗi ne. Saboda haka aka ɗan matse haruffan, aka rage faɗinsu, don kalmomi da yawa su shiga ɗan siririn ziri ba tare da an yi ta yanke su a ƙarshen layi ba.

Matsala ta biyu ita ce girman rubutu. Jarida tana buga labarai da ƙananan haruffa ƙwarai, ƙasa da abin da muke amfani da shi a takardun ofis. Don harafi ya fito sarai duk da ƙanƙantarsa, aka ƙara tsayin jikin ƙananan haruffa irin su a da e da n, aka gajarta wuyan b da d da kuma wutsiyar g da p. Ido yana gane kalma ne galibi daga jikin haruffanta, don haka rubutun yakan yi kamar ya fi girmansa na gaskiya. Gajeren wuya da gajeriyar wutsiya kuma suna ba da damar matso da layuka kusa da juna ba tare da sun cakuɗe ba.

Matsala ta uku launin shafi. Morison yana son shafi ya fito baƙi sosai, ya fi na da ƙarfi, amma ba tare da nauyin Plantin ba. Sai aka bar sanduna da kauri madaidaici, aka fiƙe ƙafafun suka yi tsini, aka kuma bar kaurin haruffa masu zagaye ya ɗan karkata kamar yadda alƙalami yake bari, a maimakon ya tsaya a miƙe. Wannan haɗi na tsohuwar ƙira da sabon kaifi shi ya ba zubin halinsa: natsattse, mai tsari, ba ya jan hankali ga kansa. Mai kaurinsa kuwa, wanda ake amfani da shi a kanun labarai, ya ɗan bambanta da sauran, domin kaurinsa a miƙe yake, ya fi kama da zubin ƙarni na 19 da aka kora.

Akwai abin mamaki a nan. Duk da cewa don jarida aka yi shi, sauran jaridu ba su rungume shi sosai ba. The Times tana bugawa a kan takarda mai inganci fiye da ta takwarorinta, da injina masu kyau, don haka tsinin ƙafafun yana fitowa. A kan takarda mai araha mai shan tawada kuwa, jaridu sun fi son zubi masu gwaɓi irin su Ionic da Excelsior na kamfanin Linotype. Inda Times New Roman ya sami kasuwa shi ne wajen masu buga littattafai da mujallu, bayan da aka fara sayar da shi ga kowa a 1933. Yana tattalin takarda, abin da ya zama babbar daraja a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu da aka yi ƙarancinta. Monotype ya ci gaba da faɗaɗa iyalin, ya ƙara haruffan Girkanci da na Rashanci da alamomin lissafi, har a shekarun 1950 ya fitar da wani tsari na musamman don buga lissafi mai hawa-hawa. Ta haka zubin ya zama na littattafan kimiyya da mujallun bincike, ya kuma sami kwarjinin ilimi da yake da shi har gobe.

Daga jarida zuwa kwamfuta

The Times ta yi shekara arba'in cif tana amfani da shi. A 1972 ta sauya shi da Times Europa wanda Walter Tracy ya tsara, domin takarda da hanyar bugu sun canza. Ta sake sauyawa sau da dama bayan haka, har zuwa Times Modern na 2006. Ke nan gidan da aka haifi zubin ya rabu da shi fiye da rabin ƙarni da ya wuce, a daidai lokacin da sauran duniya take shirin ɗaukarsa.

Tun farko zubin yana da iyaye biyu a kasuwa. Injin Monotype yana zuba harafi ɗai-ɗai da narkakkiyar darma, na Linotype kuwa yana zuba layi guda a dunƙule, kuma jaridar tana bukatar zubin ya hau injina iri-iri. Saboda haka Linotype ma ya yi nasa, ya kira shi Times Roman, Monotype ya riƙe sunan Times New Roman. Bambancinsu kaɗan ne, sai ƙwararre yake ganewa. Wannan rabuwa ta biyo su har zamanin kwamfuta.

A 1985 kamfanin Apple ya fitar da firinta mai suna LaserWriter, wadda take aiki da fasahar PostScript ta kamfanin Adobe. A cikinta an dasa iyalan haruffa 'yan kaɗan: Times na Linotype, da Helvetica, da Courier, da wani na alamomi. Duk wanda yake son rubutu mai kama da na littafi, Times ne kaɗai a gabansa. A 1992 kuma Microsoft ya fitar da Windows 3.1 ɗauke da Times New Roman na Monotype, wanda aka daidaita faɗin haruffansa da na abokin hamayyarsa don takarda ta fito iri ɗaya a kowace na'ura. Manhajar Word ta mayar da shi zubin da mutum yake tararwa da zarar ya buɗe sabon shafi, manhajojin shiga intanet na farko ma suka yi haka.

A nan ne sa'a ta shigo. Miliyoyin mutanen da ba su taɓa tunanin zaɓen haruffa ba suka fara buga takardu, kuma mafi yawansu ba su taɓa abin da suka tarar ba. Makarantu da ofisoshi da suke son takardu su zo iri ɗaya sai suka rubuta dokar da ta dace da abin da kowa yake da shi. Malami yana iya cewa a kawo shafi goma, ya tabbata cewa shafi goman kowa daidai yake da na ɗan'uwansa. Abin da ya fara a matsayin sauƙi ya zama ƙa'ida, ƙa'ida ta zama al'ada. A 2007 Microsoft ya sauke shi daga wannan kujera ya ɗora Calibri, marar ƙafa, wanda aka tsara don karatu a fuskar kwamfuta, a 2023 kuma ya sanar da Aptos a madadin Calibri. Duk da haka dokokin jami'o'i da na ma'aikatu da yawa suna nan inda aka bar su a shekarun 1990.

Harafi a matsayin shaida

Sanin tarihin haruffa yana iya zama maganar mutunci da aiki. A ranar 8 ga Satumba 2004, ana saura wata biyu zaɓen shugaban ƙasa a Amurka, tashar talabijin ta CBS ta nuna wasu takardu da aka ce wani kwamandan soja, Jerry Killian, ya rubuta a 1972 da 1973, suna sukar yadda George W. Bush ya yi aikinsa a rundunar tsaron jihar Texas. Cikin sa'o'i kaɗan masu lura suka ce rubutun ya yi kama da na kwamfuta. Wani ya sake buga ɗaya daga cikin takardun a Word ba tare da ya canza komai a tsarin manhajar ba, ya ɗora ta a kan ta CBS, layuka da tazara suka hau juna. Keken rubutu na ofisoshin wancan zamani galibi yana ba kowane harafi fili iri ɗaya, kuma ko injinan IBM masu tsada da suke da zubi mai kama da Times, ma'aunin faɗin haruffansu dabam ne. CBS ta nemi afuwa, ta ce ba za ta iya tabbatar da sahihancin takardun ba. Manyan ma'aikata huɗu suka rasa aikinsu, shahararren mai gabatar da labarai Dan Rather kuma ya bar kujerarsa a Maris 2005.

Zubin ya shiga siyasa ta wata ƙofar kuma. A 2004 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta bar Courier, mai kama da rubutun tafireta, ta koma Times New Roman mai girma 14. A farkon 2023 sakatare Antony Blinken ya ba da umarnin komawa Calibri, bisa hujjar cewa haruffa marasa ƙafa sun fi sauƙi ga masu raunin gani. A Disamba 2025 magajinsa Marco Rubio ya soke wannan umarni ya dawo da Times New Roman, yana mai cewa shi ya fi dacewa da martabar takardun hukuma. Kotunan ƙasar kuwa ra'ayinsu dabam. Kotun Ƙoli tana bukatar a buga takardun da ake gabatar mata da zubin iyalin Century, wata kotun ɗaukaka ƙara da ke Chicago kuma ta shawarci lauyoyi su guji Times, domin an yi shi ne don mai karatun jarida da yake sauri, alhali ita tana son alƙali ya karanta a tsanake ya riƙe abin da ya karanta.

Haruffa masu lanƙwasa

Shekarun da aka haifi Times New Roman su ne kuma shekarun da aka daidaita rubutun Hausar boko. Kafin lokacin, masu rubutu sun gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi da kuma waƙafi a gefensa don nuna sautukan da Turanci ba shi da su. Wata cibiyar nazarin harsunan Afirka da ke Landan, wadda masani Bajamushe Diedrich Westermann yake cikin jagororinta, ta ba da shawarar a yi wa irin waɗannan sautuka haruffa nasu na kansu. A shekarun 1930 hukumar fassara da talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta karɓi ɓ da ɗ da ƙ. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairu 1939 da Abubakar Imam a matsayin editanta na Hausa, tana cikin abubuwan da suka dasa su a idon jama'a. A zamanin darma, samun waɗannan haruffa magana ce ta a sa a sassaƙa musu mazubi, kuma maɗaba'ar da take buga Hausa ta san dole ta tanade su.

Kwamfuta ta mayar da hannun agogo baya. Times New Roman da ya zo da Windows a shekarun 1990 yana ɗauke da haruffan harsunan Turai, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, duk da cewa tsarin Unicode ya ba su lambobi tun farkon fitowarsa. Marubuta suka shiga dabaru. Wasu suka zubar da lanƙwasar gaba ɗaya, ƙasa ta zama kasa, ɗaki ya zama daki, ɓata ta koma bata, aka bar wa mai karatu aikin cankar ma'ana. Wasu suka koma waƙafi. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero suka ƙirƙiro zubi na musamman masu ɗauke da haruffan, abin da ya ceci ɗab'in Hausa na tsawon shekaru. Sai dai irin waɗannan zubi suna aron gurbin wasu maɓallai ne, kamar q da x da v ko alamomin baka, su ɗora musu siffar harafin Hausa. Muddin takardar ta je kwamfutar da ba ta da zubin, ko aka ɗora ta a intanet, asiri yakan tonu, a ga qasa da xaya da vata. Rubuce-rubucen Hausa masu yawa na wancan zamani suna nan a wannan hali, kuma mai neman kalma da haruffanta na daidai ba zai same su ba.

Sababbin fitowar Times New Roman, tun daga zamanin Windows Vista, sun ƙunshi haruffan masu lanƙwasa, har da ƴ da ake amfani da ita a Nijar. Ƙungiyar SIL ma ta fitar da Doulos, zubi mai kama da Times da aka yi musamman don harsuna irin namu, kuma kyauta ne. Matsalar na'ura ta kau, amma sabon da ta haifar bai kau ba. Akwai waɗanda suka girma suna ganin Hausa ba lanƙwasa a allon waya da na kwamfuta har suka ɗauka ƙari ce da za a iya yafewa. Gibin da wani kamfani ya bari a jerin haruffansa shekaru talatin da suka wuce yana nan yana aiki a rubutunmu.

Inda ya dace da inda bai dace ba

Times New Roman zubi ne mai kyau idan aka sa shi aikin da ya iya. A siririn ziri na mujalla ko jarida, ko a littafi mai ƙaramin shafi, ko a rubutun da yake cike da lissafi da alamomi, har yanzu kaɗan ne suke kamo shi. Yana nan a kusan kowace kwamfuta, don haka takardar da aka tsara da shi a Sakkwato za ta buɗe a Damagaram ba tare da shafuka sun wargaje ba, kuma wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Rauninsa yana bayyana ne a inda muka fi amfani da shi. A faffaɗar takardar ofis, matsattsun haruffansa suna sa layi ɗaya ya ɗauki kalmomi fiye da yadda ido yake so, mai karatu ya riƙa ɓacewa idan zai dawo farkon layi na gaba. Maganin wannan shi ne a faɗaɗa gefen takarda, a ƙara 'yar tazara tsakanin layuka. A ƙaramin allon waya ko a majigin taro kuma siraran layukansa sukan dushe, zubi mai gwaɓi irin su Georgia ko marar ƙafa ya fi shi. Maganar da ake yawan yi cewa ƙafafun harafi suna jan ido a kan layi ba ta sami tabbaci mai ƙarfi daga bincike ba. Girman rubutu da tsawon layi da tazara da kuma sabo sun fi ƙafa tasiri.

Ga mai rubuta Hausa akwai gwaji guda da ya kamata ya riga kowane. Kafin a zaɓi zubi don littafi ko jarida ko takardar hukuma, a buga ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana, a miƙe da a jirkice da kuma masu kauri, a duba ko sun fito da siffa ɗaya da 'yan'uwansu, ko kuwa kwamfuta ta aro su daga wani zubin sun tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙi. Jami'o'in da suke wajabta Times New Roman a kundin sashen Hausa za su iya ƙara layi ɗaya a dokarsu, cewa a rubuta haruffa masu lanƙwasa da lambobinsu na Unicode, domin aikin ɗalibi ya karantu a kowace na'ura bayan shekara hamsin. Morison ya fara ne da tambayar wane ne mai karatun jaridarsa, a kan wace takarda, da wane girman rubutu, sannan ya sa aka zana haruffan da suka amsa tambayar. Wannan tambaya ita ce ta cancanci a gada daga gare shi.